Tambaya da Amsa: Gwajin Ƙofofin API da Rumbun Bayanai na Cikin RAM

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina gina manhajar rajistar ɗalibai da FastAPI (kayan gina ƙofofin API a Python, wato hanyoyin da ake aika wa manhaja buƙata) da SQLAlchemy (mai haɗa Python da rumbun bayanai). Don kada gwaji ya taɓa bayanan gaske, na sa SQLite, ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ta zauna a cikin RAM. Na ƙirƙiri tebura kafin gwajin ya fara, amma da zarar TestClient, mai aika buƙatun gwaji ga FastAPI, ya aika buƙata sai a ce "no such table". Ina teburan suka shiga? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Barka kadai. Teburanka suna nan, kai ne ka shiga wani ɗakin daban. A SQLite, duk haɗin da aka buɗe zuwa rumbun cikin RAM yana samun sabon rumbu fanko nasa shi kaɗai, kuma ana rufe haɗin komai ya shafe. SQLAlchemy kuwa, idan ba ka ce mata komai ba, kowane zaren aiki (thread) haɗinsa daban take ba shi. Kai ka gina tebura a zaren gwaji, FastAPI kuma ta gudanar da ƙofar a wani zaren, ta tarar wayam.

Maganin shi ne kowa ya sha daga tulu ɗaya. Wajen kiran create_engine ka ba shi adireshin "sqlite://", ka sa poolclass=StaticPool domin haɗi ɗaya tak ya yi wa kowa aiki, sannan a cikin connect_args ka mai da check_same_thread ya zama False, in ba haka ba Python za ta ƙi yarda wani zaren ya taɓa haɗin. Daga nan ka je app.dependency_overrides ka musanya get_db, aikin da ke haɗa ƙofofinka da rumbun gaske, da aikin da ke ba da zaman (session) rumbun gwaji. In ka manta wannan musanya, gwajinka zai riƙa rubutu cikin rumbun gaske kana zaton RAM ce, kuma wannan ta fi kuskuren farko muni nesa ba kusa ba.

In saƙon bai tafi ba bayan haka, duba ko ka shigo da fayil ɗin da ke ɗauke da fasalin teburan kafin kiran create_all, aikin da ke gina teburan. Abin da ba a shigo da shi ba, SQLAlchemy ba ta san da zamansa ba.

Ka kuma sa pytest, mai gudanar da gwaje-gwajen Python, ya gina tebura kafin kowane gwaji, ya rushe su da drop_all bayansa. Idan gwajin farko ya yi wa ɗalibi rajista ya samu 201 (lambar amsa mai nuna an ƙirƙira), na biyu ya zo da lambar ɗalibi iri ɗaya, zai ci karo da 409 (lambar amsa mai nuna karo da abin da ke nan tuni) ba don manhajar ta yi laifi ba.

Tambaya: Gwajina duka suna wucewa a SQLite, amma a saba mai rumbun PostgreSQL manhajar tana faɗuwa da 500 (lambar kuskuren saba). Ashe gwajin ba shi da amfani ke nan? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, yana da amfani, sai dai SQLite tana da kawar da kai a wuraren da PostgreSQL ba ta ɗaga ƙafa. Ɗauki gurbin lambar waya da kika rubuta VARCHAR(11). SQLite ba ta kula da wannan 11 ɗin, ko haruffa 30 kika zuba za ta karɓa. PostgreSQL za ta mayar miki da shi nan take. Haka dokar alaƙa tsakanin tebura: SQLite ta san ta tun 2009, amma a kashe take zuwa. Sai kin aika PRAGMA foreign_keys=ON a kowane haɗi, in ba haka ba za ki iya saka ɗalibi a ajin da babu shi, gwaji kuma ya ce lafiya lau. Kullen layi na FOR UPDATE, mai hana mutum biyu sauya layi ɗaya a lokaci guda, ma babu shi a SQLite, SQLAlchemy tana cire shi shiru, don haka mutum biyu su yi rububin kujera ɗaya ba abin da za ki gano a nan ba ne.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. LIKE, kalmar neman rubutu mai kama, a SQLite ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, amma wannan sassaucin ya tsaya ne kan haruffan ASCII, wato A zuwa Z na Turanci. Ƙ da ƙ, Ɗ da ɗ, Ɓ da ɓ ba sa ciki, kuma lower() ba ta ƙanƙanta su. Ki nemi "ɗan" da ilike, binciken da bai kamata ya bambanta babba da ƙarami ba, SQLite ba za ta kawo miki sunan da ya fara da babban Ɗ ba, alhali PostgreSQL da aka saita da kyau a kan UTF-8 za ta kawo shi. Shi ya sa nake matsa wa masu gina manhajojin Hausa su sa sunaye masu ƙugiya cikin bayanan gwaji tun ranar farko.

Shawarata ki raba aikin gida biyu. Abin da ya shafi ƙofar kanta, wato 404 ga ɗalibin da babu shi, 422 ga fom ɗin da bai cika ba, da siffar JSON da ke dawowa, bar shi a RAM saboda sauri. Bincike, kulle-kulle, da sauya fasalin tebura da manhajar Alembic kuwa, ki ɗaga PostgreSQL ta gaske, mai sigar da ke kan sabarki, cikin Docker (mai gudanar da manhaja a keɓantaccen akwati) ta hanyar Testcontainers (mai ɗaga akwatin domin gwaji), ki gudanar da su kafin duk wani sabon aiki ya hau saba.