Amsa ga mai son digirin digirgir a kan filatinam da metanol

Ƙanena, assalamu alaikum. Ka tambaye ni ko ya dace ka fito waje ka yi digirin digirgir a kan ƙananan ƙwayoyin filatinam da ke hanzarta wargajewar metanol a na'urar samar da lantarki, tunda wani malami ya ce zai karɓe ka. Fannin yana da kyau, amma ina so ka san inda gizo ke saƙa kafin ka amsa masa.

A takarda abin yana da sauƙi: metanol ya haɗu da ruwa a kan filatinam, ya ba da kabon dayoksaid da ilektaron 6, kuma lissafi ya nuna na'urar za ta iya kaiwa bolt 1.21. A aikace da wuya ta ba da rabin haka idan ana jan wuta. Babban dalili shi ne kabon monoksaid da ke samuwa a tsakiyar aikin, wanda yake manne wa filatinam ya toshe guraben da sabon metanol zai sauka. Tun 1975 Watanabe da Motoo a Japan suka bayyana yadda wani ƙarfe mai suna rutiniyam ke taimakawa idan an gauraya shi da filatinam, wato yana kama oksijin daga ruwa da wuri, sai a yi amfani da ita a wanke gubar daga filatinam ɗin da ke maƙwabtaka da shi. Har yau wannan gami ne ma'aunin da ake gwada kowane sabon abu da shi, ko da yake rutiniyam ɗin yana narkewa a hankali ya tsallaka ɗaya ɓangaren na'urar ya ɓata shi, kamar yadda metanol kansa yake ratsa fatar Nafion, wato siririyar robar da ke raba ɓangarorin na'urar biyu.

Ana mayar da filatinam ƙananan ƙwayoyi ne saboda ƙarancinsa, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ake haƙowa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Giram ɗaya da aka raba zuwa ƙwayoyi masu nanomita 3 yana ba da fili fiye da murabba'in mita 90, amma irin waɗannan ƙwayoyi sukan dunƙule ko su narke, kabon ɗin da aka shimfiɗa su a kai shi ma yana cinyewa.

A nan ne nake so ka natsu. Akwai ɗakunan bincike da yawa da aikinsu shi ne su ƙera ƙwayoyi masu sabuwar siffa, su gwada su a cikin kwalba na ɗan lokaci, su ce sun fi na kasuwa, su wallafa. A zanen gwajin lantarki tudu biyu ke bayyana, ɗaya yayin da ake ƙara bolt (tafiya), ɗaya yayin da ake rage shi (dawowa), kuma da yawansu har yanzu suna raba tsayin tudun tafiya da na dawowa su ce wannan ne shaidar jure wa kabon monoksaid, alhali binciken da ɗakin YuYe Tong na Jami'ar Georgetown ya wallafa a 2012 ya nuna tudun biyu duk daga sabon metanol suke fitowa. Idan ka ga malamin yana dogara da wannan lissafi a takardunsa na baya-bayan nan, a ganina ka yi hattara.

Saboda haka ka rubuta masa ka tambaye shi ko suna haɗa cikakkiyar na'ura su gwada abin da suka ƙera, da tsawon lokacin da suke auna juriyarsa, da kuma ko ɗalibi yana taɓa madubin ilektaron, wato na'urar da ake ganin ƙananan ƙwayoyin da ita, da hannunsa ko sai dai ya aika samfur ya jira. Ka tambayi kuma shekara nawa kuɗin tallafin zai ɗauka.

Game da aiki bayan karatu, kasuwar na'urar metanol ƙarama ce. Kamfanin Toshiba ya fitar da Dynario, na'urar cajin waya mai aiki da metanol, a 2009 amma ba ta yi nisa ba, kamfanin SFC Energy na Jamus kuwa yana sayar da nasa ga masu buƙatar wuta a wuraren da layin lantarki bai kai ba. Ƙwarewar da za ka samu ta auna ƙarfe da shirya fata ita ce masu na'urorin haidurojin da masu raba ruwa da lantarki suke nema, don haka ka roƙi malamin tun daga farko ya bar wani sashe na aikinka ya shafi ɗaya daga cikinsu.