Tambaya da Amsa: Wane Irin Tabarau Ya Dace da Mai Tseren Keke da Gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jos ne, na shekara biyu ina hawan keke da sassafe, ina kuma gudu da yamma. Yanzu na fara koyon ninkaya da niyyar in shiga gasar tirayatulon, wadda ake haɗa ninkaya da tseren keke da gudu. Damuwata ita ce idanuna: da hunturu ya kama sai su yi ja su riƙa ruwa, baƙin tabarau ɗin da na saya a bakin hanya kuma yakan zame mini da zarar na yi gumi. Mai sayarwar ya ce wanda ya fi duhu shi ya fi kare ido. Shin haka ne? Me zan duba kafin in sayi wani?
Daga mai karatunku a Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Zan fara da maganar mai sayarwar, domin ita ce ta fi hatsari a cikin wasiƙarka. Duhun gilashi daban, kariya daban. Abin da ke lahanta ido a cikin hasken rana shi ne wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, kuma masana sun danganta yawan shansa da yanar ido da wani tsiron nama da ke fitowa a farin ido yana nufar baƙin. Idan gilashi ya yi duhu amma ba ya tare wannan haske, to ya fi rashin tabarau muni, saboda duhun yakan sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, sai hasken mai cutarwa ya sami babbar ƙofa. Abin da za ka nema shi ne alamar UV400, ma'ana gilashin yana tare hasken har zuwa nanomita 400, wato awon tsawon zangon haske inda UV yake ƙarewa. Sai dai takardar da ake mannawa ba ta da tsada, kowa yana iya buga ta, saboda haka ka saya a shagon masu gwajin ido, inda wasu ke da na'urar da za ta auna maka gilashin a gabanka.

Wannan ya shafe ka fiye da yadda kake zato. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma ƙarfin hasken UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 da aka hau. Sanyin garinku yana ruɗin mutum ya ɗauka ranar ba ta da kaifi.

Shi kuwa duhu aikinsa rage ƙarfin hasken da ake gani, kuma an kasa shi mataki biyar, daga 0 zuwa 4, ana rubuta lambar a cikin hannun tabarau. Mataki na 3, wanda ke barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, shi ne na rana tsaka. Mataki na 4 an yi shi ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara da makamantansu, ba a yarda a yi tuƙi da shi ba, don haka kada ya hau keke tare da kai. Tun da ka ce da sassafe kake fita, mataki na 3 ma zai yi maka duhu kafin rana ta ɗaga, kuma rami a kwalta ba ya jiran gari ya waye. Shawarata ita ce ka nemi firam ɗaya da ake canja masa gilashi: fari ko ruwan ɗorawa don asuba, ruwan ƙasa ko ruwan toka don rana. Ni na fi son ruwan ƙasa, domin yana fito da bambancin yashi da kwalta da tsakuwa, ruwan toka kuma yana barin launuka yadda suke. Akwai kuma gilashi mai sauya duhunsa da kansa, wanda ake kira fotokuromik. Yana da amfani ga wanda zai fita da duku-duku ya dawo da hantsi, amma ba ya washewa nan take idan an shiga inuwa, kuma zafi yana rage masa yin duhu, don haka ya fi yi wa mutumin Jos aiki a kan na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu.

Inda ya kamata ka fi ɓata lokaci shi ne zaman tabarau ɗin a fuskarka, domin a nan ne na wasanni ya rabu da na ado. A kan keke mutum yakan duƙa ya sunkuyar da kai, sai ya zama ta saman gilashin yake kallon hanya. Idan firam ɗin yana da kauri a sama, zai gitta maka daidai inda motoci ke tahowa, ka yi ta ɗaga wuya har ya ƙage. A gasar tirayatulon ta ma'aunin Olamfik, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, ninkaya kilomita 1.5 ce, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, kuma kilomita 40 tafiya ce mai nisa ga wuyan da ke ɗage. Ka zaɓi mai faɗin gilashi, wanda ya lanƙwasa ya rufe gefen ido, mai siririn firam a sama ko marar shi sam. Lanƙwasar ce ke tare iska da ƙurar hunturu da ƙwari da tsakuwar da tayar babbar mota ke watsowa. Saboda wannan tsakuwar ne kuma ya zama dole gilashin ya kasance na robar folikabonet, wadda ba ta da nauyi kuma ba ta tarwatsewa kamar gilashin kwalba idan an faɗi.

Zamewar da kake kuka da ita maganinta roba ce mai kama fata a wurin hanci da ƙarshen hannaye. Amma kada tabarau ɗin ya manne da fuska ƙam, sai an bar 'yar kafa ko hudar da iska za ta bi, in ba haka ba tururin gumi zai dusashe gilashin duk lokacin da ka rage sauri a hawan tudu. Ka tafi shagon da hular kwanonka, ka sa su tare, ka duƙa yadda kake yi a kan keke, sannan ka yi tsalle sau da yawa a wuri ɗaya. Idan ya yi rawa a hanci a cikin shago, to a gudun kilomita 10 zai gallabe ka, komai sunan kamfanin da ke jikinsa.

Za a yi maka tallar gilashi mai kashe ƙyallin ruwa da na kwalta, wanda masunta da direbobi ke so. A ganina mai keke bai cika buƙatarsa ba, domin yana iya ɓoye sheƙin da ke nuna an zubar da mai ko ruwa a hanya, yana kuma wahalar da karanta allon wasu agoguna da na'urorin auna sauri.

A ranar gasa da tabarau na ninkaya za ka shiga ruwa, na rana kuma yana jiranka a wurin canja kaya, inda agogo ba ya tsayawa. Doka ce sai ka ɗaure hular kwano kafin ka ɗauki kekenka, shi ya sa 'yan wasa ke ajiye tabarau a buɗe cikin hular. Tabarau ɗin da hannayensa miƙaƙƙu ne ya fi saurin shiga a jiƙaƙƙiyar fuska. A gida kuwa, kada ka goge shi a bushe da gefen riga lokacin hunturu, domin ƙurar nan yashi ce mai kartar gilashi. Ka fara ɗauraye shi da ruwa, sannan ka tsane shi da ƙyalle mai laushi. Idan jan idon bai lafa ba bayan ka sami kariya, ko ka ga wani nama yana tsirowa, ka ga likitan ido.

TAMBAYA: Ina sanye da tabarau na likita saboda ba na ganin nesa, kuma ina gudun motsa jiki da safe. Ko zan iya ɗora baƙin tabarau a kansa?
Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malama, ɗora ɗaya a kan ɗaya yana da nauyi, kuma a gudu za su riƙa karo da juna. Masu gwajin ido suna iya yanka miki gilashi mai duhu ko mai sauya duhu daidai da awon idonki, akwai kuma firam na wasanni da ake maƙala wa ƙaramin gilashin awo ta ciki. Ki sanar da su cewa don gudu kike so, domin idan awon yana da ƙarfi, firam mai lanƙwasa sosai yakan karkatar da gani ta gefe, sai a zaɓa miki wanda lanƙwasarsa kaɗan ce.