Tambaya da Amsa: Faɗin Ɗakin Kuru a Barga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kuru uku, wato ƙananan dawaki, irin na bakin kogin Logon, goɗiya biyu da ingarma ɗaya, na saye su a hannun mutanen Musey. Har yanzu a turke suke kwana, amma ina so in gina musu barga kafin damina ta faɗi. Filin da nake da shi a bayan gida mita 10 ne da mita 12. Magini ya ce tunda ƙanana ne, ɗaki mai mita 2 da mita 2 ya ishi kowanne. Shin haka ne? Daga wani mai karatu a Yagwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a haƙa harsashi a kan wannan awon, ya yi kaɗan. Ɗakin doki ba don tsayuwa kawai ake yin sa ba. Dole dabbar ta iya juyawa, ta kwanta a kan gefenta ta miƙe ƙafafu huɗu, sannan ta tashi ba tare da ta bugi bango ba. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai a kwance yake samunsa, kuma idan wuri ya matse masa sai ya ƙi kwanciya, ya yi ta ramewa ana neman dalili a wajen abinci.

Fara da auna dabbar. Tsayar da ita a ƙasa mai lebur, ka ɗora katako a kan ƙashin nan da ya taso tsakanin kafaɗunta, daidai inda geza ta ƙare, ka auna daga nan zuwa ƙasa. Kurun Logon yawanci yakan kai mita 1.20 zuwa 1.25. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke cikin ƙa'idojin kiwon dawaki na ƙasar Jamus na shekarar 2009: a ninka tsayin dokin sau biyu, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin tsawon kowane gefe na ɗaki mai kusurwa huɗu daidai. Kuru mai mita 1.25 ke nan yana bukatar mita 2.5 da mita 2.5, wato murabba'in mita 6.25. Ɗakin da maginin ya yanka maka murabba'in mita 4 ne kacal. Ga goɗiya mai ɗa kuwa, ninkin yakan koma sau 2.3, abin da zai kai ka kusan mita 2.9 a kowane gefe.

Shawararmu ita ce ka yi mita 3 da mita 3. Awon Jamus ƙasan ƙarshe ne, kuma an tsara shi a ƙasar sanyi. Mu nan a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ɗaki matsattse kuma yana riƙe zafin jiki da zarnin fitsari. Sannan dokin ne ƙarami, amma ɗan bargan da zai shiga da shebur da baro bai ragu ba, haka bokitin ruwa da komin abinci. Da mita 3 ka huta: goɗiyoyin za su haihu a ɗakunansu ba tare da ka rushe komai ba. A Ingila ma awon da aka saba bai wa kuru ƙafa 10 ne da ƙafa 10, kusan daidai da wannan.

Ka jaddada wa magini cewa awon ciki kake nufi. Nan ne aka fi samun matsala. Idan ya ja igiya mita 3 daga waje ya jera bulo mai kaurin santimita 15, abin da zai rage a ciki mita 2.70 ne, kafin ma a yi yaɓe. Ɗakuna uku a jere, kowanne mita 3 a ciki, da bango huɗu, za su ci mita 9.60, sun shiga cikin mita 10 ɗinka. A gabansu ka bar rumfa mai faɗin mita 2 don ɗaura sirdi da wanka da gyaran kofato. Zai rage maka fili fiye da mita 6 a gaba, ka kewaye shi su riƙa sakewa a ciki safe da yamma, amma ingarman shi kaɗai ake saki.

Wajen tsayin bango kuma, kada a kwaikwayi bargar manyan dawakin fada. Tsakanin goɗiya da goɗiya mita 1 ya isa, wato jerin bulo biyar, yadda za su ga juna iska kuma ta ratsa. Doki dabbar garke ce. Wanda aka rufe ba ya ganin ɗan'uwansa shi ne yake koyon cizon katako da karta ƙasa da zagaye ɗaki. Ingarman ka sa shi a ɗakin ƙarshe, a ɗaga shingen da ke tsakaninsa da maƙwabciyarsa ya kai mita 1.65, ƙasan bulo, saman sandunan ƙarfe. Tazarar sandunan kada ta wuce santimita 5. Tazarar santimita 8 ko 10 ita ce mai haɗari, domin kofato yana shiga lokacin harbi, amma ba ya fita.

Shingen da ke tsakanin goɗiyoyin biyu mun fi so a yi shi da katako mai kaurin santimita 4 ko 5, a zura shi cikin ƙarfe mai kwari da aka kafe a jikin bango, maimakon bulo. Yau kuru gare ka, gobe kana iya sayen babban doki na hawan Sallah mai tsayin mita 1.55, wanda mita 3 za ta ɗan matse shi. Sai kawai a zare katakon, ɗaki biyu ya zama ɗaya. A shafa wa katakon maganin gara, kuma kada na ƙasa ya zauna kai tsaye a kan damshi.

Ƙofa ta zama mita 1.10 zuwa 1.20, tana buɗewa waje, sakatarta a inda leɓen doki ba zai kai ba. Rufi kada ya gaza mita 2.5 a gefen da ya fi ƙasa, in da hali mita 3. Idan kwano ne, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, a bar rata ta rabin mita tsakanin saman bangon baya da rufin don zafi ya fita. Ginin ya miƙe gabas da yamma, bayansa yana arewa yana tare iskar hunturu, ƙofofin suna kallon kudu.

TAMBAYA: Mun gina wa kurunmu ɗaki tun bara. Sau biyu muna tarar da shi da asuba a kwance jikin bango, ƙafafunsa a sama yana ta harbi, ya kasa tashi. Mutane sun ce iska ce. Daga wata mai karatu a Kusiri.

AMSA: Hajiya, wannan abu sananne ne a wajen masu dawaki. Doki yana son birgima. Idan ya mirgina ya faɗa dab da bango, ƙafafunsa sukan tokare, ya rasa inda zai miƙa na gaba ya yunƙura. An fi ganin haka a ɗaki matsattse, ko mai tsawo amma siriri, ko wanda tsakiyarsa ta yi tudu gefensa ya yi rami. Shi ya sa gefen da ya fi gajarta bai kamata ya gaza tsayin dokin sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu ba, kusan mita 2.20 ke nan ga kurun Logon.

Idan kun same shi a haka, mutum ɗaya kada ya shiga. A zama mutum biyu, a tsaya ta bayan gadon bayansa, nesa da kofato. In an kama gezarsa aka janyo gabansa taku ɗaya daga bango, sau da yawa da kansa zai tashi. In bai yiwu ba, a zarga igiya mai laushi a ƙafar gaba da ta baya waɗanda ke ƙasa, a ja tare a mirgino shi, a yi maza a ja baya. Ba a jan sa da ragama, ana iya ji masa ciwo a wuya. Bayan ya tashi a tara shimfiɗa a gindin bango ta yi tudu kamar santimita 30, a cike ramukan ƙasan.

Amma ki lura da wani abu. Dokin da ke yawan birgima da dare wani lokaci ciwon ciki ke damunsa. Idan yana waiwayar cikinsa, yana zufa, ya bar abinci, ko kashinsa ya ragu, a kira likitan dabbobi a ranar, kada a tsaya kan gyaran ɗaki.

TAMBAYA: Na ga wasu dawaki 'yan mitsi-mitsi a intanet waɗanda ba su kai ƙugun mutum ba, kuma an ce ana iya kawo mini biyu. Irin kurunmu ne? Wane ɗaki zan yi musu? Daga wani mai karatu a Injamena.

AMSA: Alhaji, ba iri ɗaya ba ne. Waɗannan an daɗe ana zaɓen ƙananansu ana haɗawa har suka koma haka. A Amurka akwai ƙungiyar masu kiwonsu da aka kafa a 1978, ba ta rajistar wanda ya haura inci 34, wato santimita 86. Akwai kuma irin Falabella na ƙasar Ajantina. Bisa lissafin da muka bayar a sama murabba'in mita 3 zai ishe su, amma masu kiwonsu sun fi yin ƙafa 8 da ƙafa 8, kusan mita 2.40 ke nan, kuma a zafin Injamena ba ma ba ka shawarar ka yi ƙasa da haka. Idan biyun sun saba da juna, ɗaki guda mai mita 3 da mita 4 ya fi musu ɗakuna biyu, muddin an raba musu wurin cin abinci.

Abin da ya fi faɗin muhimmanci a wajensu shi ne a sauko da komai. Ƙofa da shinge kamar santimita 70 zuwa 75, yadda za su leƙo waje. Bango mai mita 1.20 rijiya ce a gare su, iska tana wucewa ta sama su kuwa suna shaƙar zarni a ƙasa. Komi da bokiti a ajiye su ƙasa ko a ɗaga su santimita 25 zuwa 30. Ratar da ke ƙarƙashin ƙofa da tsakanin sanduna a matse ta zuwa santimita 3 ko 4, domin kofatonsu ƙarami ne ƙwarai. A kewaye wurin da waya saboda karnuka.

Kuma ka kame hannu wajen hatsi. Wannan iri yana saurin ƙiba, ƙibar kuma tana jawo kumburin cikin kofato, ciwo mai tsanani da kan gurgunta dabba. Busasshiyar ciyawa ta kai kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyin jiki a yini, wato kilo 1.5 zuwa 2 ga mai nauyin kilo 100, a raba sau uku. Harawa kaɗan, dusa kaɗan. Waɗanda aka kawo daga waje ba su da juriyar da aka san kurun Logon da ita a kan sammore da cizon ƙwari, don haka ka zauna da likitan dabbobi tun kafin su iso, a kuma sa raga mai ƙananan idanu a tagogi saboda damina.

TAMBAYA: Ƙasan ɗakin doki, siminti ya fi ko daɓe? Unguwarmu laka ce, ruwa yana kwanciya. Daga wani mai karatu a Marwa.

AMSA: Malam, a ƙasar laka abu na farko shi ne tudu. A ɗaga ƙasan bargar santimita 30 sama da tsakar gida, in wurin yana ambaliya a ƙara. A kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba tsakuwa santimita 15, a bi ta da burji ko marmara santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa a daɓe sosai. Wannan ya fi wa ƙafa daɗi kuma yana tsotse fitsari, sai dai duk shekara ana ƙwaƙule inda ya jiƙe a sake cikawa. Siminti ya fi sauƙin wankewa, amma kada a goge shi ya yi santsi. A ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye, kuma dole a yi masa shimfiɗa mai kaurin santimita 10 zuwa 15, in ba haka ba gwiwoyin dabbar za su ƙuje. Ko wanne ka zaɓa, a ba shi gangare santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa wata 'yar kwata a wajen ɗakin.

Don shimfiɗa, buntun shinkafa ko tattakarta suna aiki, kuma ana samunsu da yawa ta wajen Maga da Yagwa. Yashi yana da sanyi, amma kada a zuba abinci a kansa, domin dokin yana haɗiye shi da ciyawa ya taru a hanji. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri safe da yamma. Idan ka ɗaga kofato ka ga tsagin ƙasansa ya yi baƙi yana wari, damshi ya yi yawa a ɗakin: a wanke kofaton, a busar da shi, a sauya shimfiɗar gaba ɗaya.