Lemun tsami ba ya dafa marara

'Yata, saƙonki ya iso, kowa lafiya a nan garin Mai Wurno na Sudan. Kin ce layya ta matso, surukarki ta ce bana ke za ki haɗa marara, wato ɗanyar hanta da kayan ciki da ake ci ba a dafa ba, kuma da kika nuna tsoro saboda juna biyun da kike ɗauke da shi, sai aka ce miki ai lemun tsami yana dafa ta. Kina so ki san ko al'adarmu ce da ba a ƙi.

Ba tamu ba ce tun asali, a nan muka tarar da ita. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, tsire da kilishi suka zo da su. Agashen nan da yanzu ake rububinsa har a Khartum, hannun mutanenmu ne. Ki lura da mai agashe: ya yanka naman falle-falle, ya barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli da yaji, ya kafa tsinke a gefen garwashi, sai ya gasu sarai kafin ya yanka albasa ya matsa lemun tsami a kai. Ɗanyar hanta da huhu da tumbi da safiyar sallah, da shatta (haɗin barkono) da dakwa (niƙaƙƙiyar gyaɗa), wasu har da ɗigon matsarmama, wannan na maƙwabtanmu Larabawa ne. Zama ya yi zama, muka yi auratayya, muka koya. Kuma tana da daɗi, ban musa ba.

Amma batun dafuwa, kada ki yarda. In kin matsa lemun a kan hanta za ki ga bayanta ya yi fari-fari kamar ta ji wuta. Ki tsaga ta da wuƙa: cikinta jajir yake, jini na tsatsafowa. Tsamin ya sauya launin fatar ne kawai ya kashe ƙarni, ƙwayar cuta kuwa tana nan. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya ci mutane a Jazira da Sinnar da Farin Nilu, kuma galibi ta jinin dabba da kayan cikinta yake kama mutum. Ku ma can Saudiyya ya taɓa ku a Jizan a 2000. Mai ciki kuwa ɗanyen nama na iya cutar da abin da ke cikinta ko da ita ba ta ji komai ba.

To kada ki yi gardama da surukarki a gaban mutane. Ki gaya wa maigidanki ya same ta a keɓe, shi ɗanta ne. Ke ki yanka albasa, ki dama shatta, ki bar wata ta taɓa ɗanyen. Rabonki a soya shi ya soyu, shi ma ɗan kaɗan, don hanta tana da bitamin A fiye da abin da mai ciki ke buƙata.

Lemun kansa kada ki guje shi, yanzu ma kike buƙatarsa. Ki matsa a kan ful (dafaffen wake) ko kwaɗon zogale, bitamin C ɗinsa yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Shayin nan da kuke kurɓa nan take bayan abinci shi yake hana hakan, ki ɗan jinkirta shi. In za ki sa a kunun gyaɗa, sai kin sauke tukunya, don tafasa tana lalata bitamin ɗin. Kifi kuwa, mu da ke bakin kogi ba mu san wanke shi ba sai da lemun tsami. Ga mura, da zuma a ruwan ɗumi yana sanyaya maƙogwaro.

Na ji 'yan matanku suna goga shi a fuska wai don haske. Su daina. In ruwansa yana kan fata aka shiga rana, ƙuna yake yi ya bar baƙin tabo na watanni, balle ranar Jidda. In kwaɗayi ya sa kina tsotsarsa zalla, ki kurkure baki da ruwa, yana cin haƙori.

Busasshen baƙin lemun nan da kuke sa wa shinkafar kabsa, in wani zai taho ki aiko mini da shi. Ki gaida surukar taki da kyau.