Amsa kan yaron da hunturu ke tayar wa da atishawa da haɓo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki kan yaronki ɗan shekara bakwai: da hunturu ya kama sai atishawa, hanci ya toshe, wani lokaci har da haɓo, kuma kin gaji da sayen amoxicillin a kemis ba wani sauƙi. Allah ya ba shi lafiya. Babbar 'yata ta yi shekaru tana fama da irin wannan, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Mura ta gaske takan zo da kasala da ɗan zazzaɓi, ta yi kwana bakwai zuwa goma ta wuce. Amma in majinar kamar ruwa take, atishawar a jere take zuwa musamman da asuba, yana ta murza hanci da ido don ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, abin kuma ya ɗauki makonni, to mai yiwuwa abin da likitoci ke kira aleji ne, wato jikinsa ba ya shiri da ƙura. Amoxicillin ba ruwansa da wannan. Hunturu biyu na yi ina ɗura wa yarinya shi a banza, har yau abin yana cina a rai.

Iskar nan da ke busowa daga Sahara tun daga Nuwamba har Fabrairu, bayan ƙurar da take kwasowa, busasshiya ce ƙayau. Yadda take fasa leɓe da dunduniya, haka take fasa fatar cikin hanci, yaro ya sa farce ya ɓamɓare ɓawon, sai jini. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ruwan gishiri. Ki tafasa leda ɗaya ta fiya wata, ki zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya shafe, ki bari ya huce, ki riƙa ɗiga masa a hanci safe da dare yana fyacewa. Kullum sabo za ki haɗa. In zai kwanta ki shafa masa man kaɗanya kaɗan a bakin ƙofar hancin.

In haɓon ya zo, don Allah kar a ɗaga masa kai sama kamar yadda aka yi mana muna yara, jinin maƙogwaro yake gangarawa ya sa shi amai. Ya zauna ya sunkuyo gaba, ki matse wajen taushin hancin minti 10 ba saki, yana numfashi ta baki. In ya wuce minti 20 bai tsaya ba, sai asibiti.

Maganin fesawa irin su Otrivin yana buɗe hanci nan take, amma in aka wuce 'yan kwanaki ana sa shi, toshewar dawowa take yi fiye da da. Piriton kuma barci yake sawa, 'yata gyangyaɗi take yi a aji sai da likita ya sauya mata zuwa loratadine. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna masa daidai da shekarunsa; in kina kusa da Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa.

A gida, na san da wuya mace ta rabu da turaren wuta, amma ni dole na daina turara ɗakin da take kwana, na sauya maganin sauro mai hayaƙi da gidan sauro. Bargo da rigunan sanyi da suka shekara a akwati, a wanke a shanya kafin ya sa. A yayyafa ruwa kafin shara, ranar da hazo ya yi yawa ya sa takunkumi zuwa makaranta.

Idan maƙogwaro ya yi ciwo, ruwan ɗumi da zuma, kar wani ya ce a kai shi wurin wanzami a cire beli. Kunne ma toshewar hancin kan taɓa shi, kar a sa tsinke ko a ɗiga mai.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi: wannan lokacin har zuwa bazara shi ne na sanƙarau. In kika ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya sanƙare, ko da tsakar dare ne ku nufi asibiti.