Abin da ya sa ba a faɗin yawan dami

Ɗana, saƙonka ya iso tun jiya, na karanta na yi murmushi amma kuma raina bai kwanta ba. Wai an tura ku ƙauye tattara bayanai na furojet, kun tambayi dattawa dami nawa suka samu bana, kowa sai ya ce "alhamdulillahi, an samu na rufin asiri" ya ja bakinsa, shine kake tambayata ko camfi ne ko kuwa lissafin ne basu iya ba. Kul, kar in ƙara jin ka ce basu iya lissafi ba. Mutumin da yake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma a noman damina, ya za a yi ace bai san adadin abin da ya shiga rumbunsa ba? Ya sani sarai, kai ne dai bai ga dalilin faɗa maka ba.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, cewa yake abin da ke cikin rumbu sirrin mai gida ne, in ka faɗa da yawa ka jawo baki da masu rance, in ka faɗa kaɗan ka yi wa Allah butulci. Ga kuma haraji, wanda ku baku tashi kun tarar ba. Sai a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kafin nan duk baƙon da ya zo da biro da takarda yana ƙidaya, mutane sun san abin da ke biyo baya.

Ina saurayi, lokacin da aka fara shirin gona na Funtua a 1975, wanda Bankin Duniya ya sa hannu, malaman gona biyu suka zo gonarmu ta gandu ana dab da girbi, da igiyar awo da turaku da sikeli. Ba gonar duka za su auna ba, ɗan fili za su yanka su girbe su auna, sai su ninka ya zama na hekta guda. Ɗayan ya duba wasu lambobi a takarda, ya ƙirga taku daga bakin gona, sai ga shi ya tsaya daidai gindin gawo, kuma kasan yadda dawa take yi a ƙarƙashin gawo, zangarniya manya manya sun sunkuyo. Kakanka ya cire malafa ya ce malam nan ba gonata ba ce, nan gonar gawo ce, ku matsa can wajen jigawar ku ga gaskiya. Malamin ya ce bashi da ikon zaɓa, in ya zaɓa da idonsa awon ya lalace, a nan ya faɗa wuri mai kyau, a gonar wani zai faɗa wuri maras kyau, in aka haɗa gonaki masu yawa sai abin ya daidaita. Tsohon ya yi shiru, can ya gyaɗa kai ya ce wannan kam adalci ne. Suka kafa turaku huɗu, muka yanke musu dawar, aka sussuka aka auna. Suna naɗe igiya sai ya nuna musu waken da ya yaɗu a ƙasa tsakanin kunyoyi ya ce shi wannan fa, ba amfani ba ne? Suka ce takardar ranar ta dawa ce. Ya sake cewa, to hannu nawa ne suka yi noman farko a nan, wa zai rubuta? Har suka hau babur babu wanda ya bashi amsa.

Bayan na shiga aikin gona nima sai na ji ashe a cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya an riga an bi wannan tambayar. Wani Bature David Norman da mutanensa na jami'ar Ahmadu Bello sun bi manoma a ƙauyukan Zariya wajen 1966, suna rubuta aikin da kowa ya yi a gona har shekara ta zagayo. Suka gano abin da ya fi ƙaranci wajen manomi ba ƙasa ba ce, hannu ne a watan Yuni da Yuli lokacin da ciyawa ta taso kowa yana ta tasa, kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da ake raina mana, ya fi biyan wahalar mai noma, sannan in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. Dattawanmu da basu taɓa shiga aji ba sun daɗe da cewa hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, shi yasa aka yi gandu aka yi gayya.

Abin da yake damuna da ku yaran yanzu, wallahi, shine gaggawa. Kun zo da waya a hannu, ba a gama gaisawa ba kun fara tambaya ta ɗaya, ko wajen mai unguwa baku biya ba, kuna so dattijo ya buɗe muku rumbunsa cikin minti goma. Kuma a lissafinku kuna sa kuɗin taki da iri da na ɗan ƙwadago, amma aikin mai gona da ƴaƴansa sai ku bar gurbin fayau kamar kyauta ne, alhali yaron nan da ya tafi jinga a gonar wani da an biya shi. Gandun ma ai ya watse, kowa ya kama gayaunarsa ko ya tafi birni, yanzu komai sai an biya.

In za ka koma, ka fara zuwa gaisuwa ba takarda. Ka tambaye su yaushe ruwan shuka ya sauka, mutum nawa suka yi maimai, wa suka ɗauka aiki. Maganar dami ka bari tukuna, in sun saba da kai wataƙila wani ya faɗa maka da kansa. Ka gaida mahaifiyarka, kace mata ina nan tafe bayan girbi in Allah ya kaimu.