Tambaya da Amsa: Sau huɗu ina rushe OpenStack ina sake ɗorawa, wuri ɗaya yake tsayawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. An ba ni aikin haɗa gajimare (cloud) na cikin gida a wurin aikinmu, OpenStack ta hanyar Kolla-Ansible, manhajar da ke ɗora shi cikin kwantenonin Docker, a kan saba (server) biyar masu Ubuntu: uku kwantirola, biyu na ɗaukar VM, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira cikin manhaja. Duk lokacin da na yi `deploy` sai ya yi ta tafiya lafiya har ya kai inda aka rubuta "Waiting for nova-compute services to register themselves", ya daɗe a nan, sannan ya faɗi da jan rubutu. Wani babba a harkar ya ce in yi `destroy` in sake daga farko, wai haka OpenStack yake, sai an yi ta maimaitawa yake kamawa. Na yi hakan sau huɗu. Tun farko `prechecks`, binciken da ake yi kafin `deploy`, ya yi ƙorafi a kan hostname, wato sunan inji, amma ya ce in tsallake, iyayi ne kawai. Ranar Litinin oga zai zo ganin aiki, kwana uku ke nan rabona da barcin kirki. Ko sabobin ne ba su da kyau? Na hannu aka sayo.

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu na farko, ka ɗauke hannunka daga kan `destroy`. Kada ka yi na biyar. Yadda abin ya faɗi a daren jiya, haka nake so ka bar shi.

Sabobin kuma ka daina zarginsu tukuna. RAM mai lalura ko diski mai shirin mutuwa yau ya kayar da kai a nan, gobe a can. Abin da ke tsayawa a layi ɗaya sau huɗu saiti ne, kuma saiti ana gyara shi kafin la'asar.

Ka san nova-compute, ɓangaren da ke gudanar da VM a kan saba, ba ya taɓa rumbun bayanai da kansa. Idan ya tashi zai yi rajista, saƙo yake jefawa cikin RabbitMQ, mai isar da saƙonni tsakanin ɓangarorin OpenStack, nova-conductor ya ɗauka ya rubuta. Layin da kake tsayawa a kai jira ne kawai: Ansible yana ta tambaya ko sabobin biyu sun bayyana, har ya gaji ya haƙura. Jan rubutun da kake gani ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana kan hanyar saƙon nan, ko kuma nova-compute ɗin bai ma tashi ba.

Ka shiga ɗaya daga cikin sabobin VM ka buga `docker ps -a`. Dubi `nova_compute` da `nova_libvirt`: suna tsaye, ko suna ta mutuwa suna tashi? Sannan ka buɗe `/var/log/kolla/nova/nova-compute.log`. Kada ka fara daga ƙasa kamar yadda kowa ke yi, don na ƙasa kukan waɗanda gini ya danne ne. Ka nemi ERROR na farko. Idan ka ga "AMQP server on ... is unreachable" da lamba 5672, an gama magana. Ka koma kan kowane kwantirola, ɗaya bayan ɗaya, ka buga `docker exec rabbitmq rabbitmqctl cluster_status`. Ya kamata kowanne ya lissafo uku a ƙarƙashin masu aiki. Idan kowa kansa kaɗai ya sani, to ba gungu ɗaya gare ka ba, RabbitMQ uku gare ka da ba sa ga maciji.

Nan ne ƙorafin da aka ce ka tsallake ya shigo. RabbitMQ da suna yake sanin 'yan'uwansa, `rabbit@` sai sunan saba, ba da lambar IP ba. Shi kuma Ubuntu tun wajen ɗora shi yake saka layin 127.0.1.1 a gaban sunan inji a `/etc/hosts`. Buga `getent ahostsv4 $(hostname)` a kan duka biyar. Amsar da ake so ita ce adireshin da ke kan `api_interface`, katin netwok ɗin da ɓangarorin ke magana ta kansa, shi kaɗai. In ka ga 127.0.1.1, ko adireshi biyu, ko wani tsohon suna da DNS na ofis ke riƙe da shi, ka kama ɓarawonka. Wannan shi ne zatona na farko, domin na'urar da bakinta ta faɗa maka tun ranar farko: sunan dole ya kai ga adireshi guda na `api_interface`.

Kuma `prechecks` ba na ranar farko ba ne kawai. Kana iya sake gudanar da shi yanzu a kan abin da ya faɗin, don yana gane kwantenonin da suka riga suka tashi, ba zai yi maka ƙorafin sun tare ƙofofi ba. Ka ƙara `-vvv` ka ga ainihin umarnin da ya gwada da amsar da ya samu. Daga fitowar 2024.2 an juya tsarin rubutun, ya zama `kolla-ansible prechecks -i multinode`; a tsofaffin `-i multinode` ne ke zuwa kafin sunan aikin. Na faɗi wannan ne don da yawa daga jagororin da ke intanet da tsohon tsari suke.

Yanzu bari in dawo kan babban naka, don maganarsa ta tsaya mini a rai.

Wannan cuta ta "a goge a sake" daga teburin masu gyaran waya muka ɗauko ta. Waya ta yi nauyi, a yi mata filashin. Kwamfuta tana surutu, a yi mata fomat. A can wani lokaci tana yin magani, don dattin yana cikin abin da aka goge. A nan fa? `destroy` kwantenoni yake gogewa da rumbunansu na ajiya (volumes). Ba ya gyara DNS ɗinka. Ba ya saita agogo, ba ya shiga suwic ya duba VLAN, ba ruwansa da abin da ka rubuta ba daidai ba a `globals.yml`. Wato duk inda matsala ta fi zama, nan ne hannunsa ba ya kaiwa. Ka rushe ɗaki sau huɗu ka sake ginawa a kan ramin gara, kana mamakin bango yana zubewa.

Abin da ya fi ba ni haushi, `/var/log/kolla` ɗin nan ba wani wuri ba ne daban, rumbun `kolla_logs` ne, kuma yana cikin abin da `destroy` ke sharewa. Sau huɗu na'ura tana rubuta maka abin da ke damunta, da awa da minti da sakan, sau huɗu kana ƙona takardar ba ka karanta ba. Waɗanda suka rubuta umarnin nan sun san halinsa, shi ya sa ba ya aiki sai ka ƙara `--yes-i-really-really-mean-it`. Sun sa ka rantse sau biyu. Amma a wajen wasu ya zama kamar kurɓar ruwa.

Kai da sauƙi, babu komai a kan naka tukuna, barci kawai ka yi asara. Hannun da ya saba da wannan umarni shi nake jin tsoro. An taɓa kirana wata ma'aikata da gajimarensu ya fi shekara yana aiki. An ɗauke wuta da daddare, janareta bai tashi ba, batiran UPS suka ƙare, kwantirola uku suka mutu lokaci guda. Da wuta ta dawo MariaDB, rumbun bayanan gajimaren, ya ƙi tashi. Wannan sanannen halin Galera ne, manhajar da ke haɗa MariaDB ukun su zama gungu ɗaya: in duka suka faɗi tare, babu wanda zai yarda ya fara sai an tantance wanda ya fi sabon bayani. Kolla yana da umarni musamman don wannan rana, `mariadb_recovery`, a sabbin fitowa `mariadb-recovery`. Wanda suka fara kira bai san shi ba, `destroy` ya sani. Da na iso, diskokin VM ɗinsu suna nan kwance a ma'ajiyar Ceph lafiya ƙalau, amma kowanne da doguwar lambar UUID, babu rumbun bayanan da zai ce wannan na albashi ne, wancan na rajistar ma'aikata. Haka muka zauna muna ɗaura su ɗaya-ɗaya muna leƙawa, kamar masu neman gawa a mutuware. Mutumin kuwa tuni ya karɓi kuɗinsa, har da cewa sabobin ne tsofaffi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

"Sai an maimaita yake kamawa." Wannan magana akwai ɗan gaskiyar da ta sa ta yaɗu: `deploy` ana iya maimaita shi, in intanet ta yanke ana tsakiyar jawo hotunan kwantena, sake bugawa kan wadatar. Amma maimaita `deploy` daban, rushewa daban. Duk wanda ya ce maka abu ya kama a karo na biyar bai san dalili ba, to ranar da zai saki ma ba zai san dalili ba, kuma a ranar akwai bayanan mutane a kai.

Tunda sabobin na hannu ne, ka duba agogo, ko da ba shi ne ya kayar da kai ba. Batirin CMOS na irin waɗannan injina yakan zo a mace, kuma ofisoshi da yawa fayawol ɗinsu ya toshe UDP 123, ƙofar da ake daidaita agogo ta cikinta, ba wanda ya lura. `timedatectl` da `chronyc tracking` za su nuna maka. Nova yana ɗaukar saba a matsayin matacciya idan ya yi sakan 60 bai ji ɗuriyarta ba, don haka kwantirolan da agogonsu ya saɓa za su riƙa nuna `down` a `openstack compute service list` alhali komai na aiki. Ceph ya fi tsanani, saɓanin sakan 0.05 kawai yake yarda da shi tsakanin monitocinsa. Ka duba MTU kuma, wato iyakar girman fakitin da netwok ke ɗauka: `ping -M do -s 1472` tsakanin sabobi, ko 8972 idan an ce maka an buɗe 9000 a suwic. Kada ka yarda da "an buɗe", ka gwada.

Idan sunan ne, ka gyara shi a duka biyar, ka sake `prechecks` har ya wuce babu ja. In RabbitMQ ɗin ya riga ya rarrabu, tunda babu wani saƙo mai amfani a ciki, ka tsayar da kwantenar `rabbitmq` a kwantirola uku, ka goge ta da rumbunta ita kaɗai, ka yi `deploy` da `--tags rabbitmq`, ka tabbatar `cluster_status` ya nuna uku, sannan ka yi cikakken `deploy`. Gogewa ce ita ma, amma ka san me ka goge da dalilinsa.

In duk wannan bai fitar da kai ba, ka gudanar da `sos report --clean` a kwantirola ɗaya da sabar VM ɗaya. Zai tattara log da saitin netwok a fayil guda, ya ɓadda adireshi da sunayen injina. Shi za ka turo mini, da layi hamsin na kewayen ERROR na farko. `/etc/kolla/passwords.yml` kuwa kada ya bar kan sabar, ko babban naka ne ya ce a turo masa a WhatsApp.

Shi kuma oga, in Litinin ta zo ba a gama ba, ka nuna masa layin log ɗin da abin da ka gano, ka nemi kwana biyu.